Zaɓi Na Bakwai

Ana gab da magariba Auta ta ja ƙofar shagon gyaran kwamfuta, ta rataya jakar kayan aiki, ta kama hanyar wani ofishin fassara takardu da ke hawa na uku a wani tsohon bene. Aikin minti ashirin ne, in ji yayanta. Kwamfutar ofishin ta sabunta kanta, sabuntawar kuma, kamar yadda ta saba, ta watsar da 'yan kayan ƙarin nan da ba dole ba ne, waɗanda sai mai buƙata ya shiga ya sake ɗora su da hannunsa. Auta ta yi irin wannan aiki ya fi a ƙirga.

Da can Yaya ne ke zuwa ofishin. Shi ya koya mata sana'ar tun tana riƙe sukudireba kamar cokali, shi ya tsaya mata lokacin da dangi ke cewa me ya haɗa mace da waya da dalma. Mutum ne mai baki, in ya yi dariya a cikin shago har telan da ke tsallaken titi sai ya ɗago kai. To, sati uku ke nan muryar nan ta ɗauke. Aka ce mura ce, aka sha magani. Likita ya haska maƙogwaro ya ce shi dai bai ga komai ba. Abin da ya rage wa Yaya sai wani ɗan raɗa mai kaushi, wanda sai ka kai kunne bakinsa za ka ji.

Ba ciniki ne ya fi damunsa ba, Mama ce. Shekara shida ke nan da idanunta suka rufe, da kunne take sanin nata. Tun ranar da wata baƙuwa ta shigo ta kama hannunta tana ta gaisuwa, ta fice da rediyonta a ƙarƙashin mayafi, Mama ta ce ita ta daina yarda da hannu, sai ta ji murya. Yanzu in Yaya ya shiga ɗakinta ya yi raɗansa, sai ta ja jiki ta ce, "Wane ne?" Ita kuwa Auta, kullum bayan magariba tana gefen gadon nan, tana ba Mama labarin yini, tana kwaikwayon masu kawo gyara har tsohuwar ta ƙware don dariya. Wannan sa'a guda ita ce abin da su biyun suke jira tun safe.

Da la'asar, kafin ya wuce gida, Yaya ya yafito ta ya damƙa mata mukulli.

"In kin buɗe jerin," ya raɗa, "ki zaɓi duka."

"Duka? Yaya, kai ne kuwa? Kai da ka taɓa buge mini hannu don na danna abin da ban karanta ba? Har yau in hadari ya haɗo wurin na yi mini zafi."

Bai yi dariya ba. "Na riga na duba. Haka mai ofishin yake so."

"To, maigida, an ji."

Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Ya daɗe yana kallon jakarta, bai kalli fuskarta ba, sannan ya fita.

Maigadin benen dattijo ne, ta same shi kan benci yana goge tocila.

"Sannu da aiki, Baba. Hawa na uku zan hau, gyara na zo."

Ya dubi mukullin da ke hannunta. "Ke ce 'yar'uwar mai dariyar nan?"

"Ƙanwarsa ce."

"Hmm. Mai ofishin ai ya daina zuwa. Wata biyu ya yi ba ya magana, da takarda yake gaishe ni. Ran da yayanki ya zo gyara, da yamma sai ga mai ofishin yana saukowa yana waƙa. Waƙa fa! Tun daga nan ban ƙara ganin ƙeyarsa ba." Ya hura gilashin tocilar. "Ki yi sauri, 'yata. Duhu na yi nake rufe get."

Ta ce to, ta wuce. Da a ce ta tsaya ta juya maganar nan sau ɗaya, da ta koma gida. Amma hankalinta na kan agogo, tana lissafin kada Mama ta fara cigiyarta.

Matakalar ba fitila. Hawa na ɗaya warin sabulun goge ƙasa, na biyu warin tsohuwar takarda. A hawa na uku wani wari ya tare ta, irin na gashin da ya taɓa wuta. Ta ce a ranta wata waya ce ta ƙone, ta sa mukulli.

Ɗaki ne guda. Tebur biyu, kantar fayil har rufi, fanka na juyawa a hankali tana ƙi-ƙi-ƙi. Taga ɗaya na kallon titi, hasken yamma ya yi ja a jikin gilashinta. Akwai kofin shayi a gefen kibod, ya bushe har ya yi baƙi. Kwamfutar kuwa a kunne take. Ofishin da aka kulle sati uku, amma allon tar, kuma a buɗe daidai shafin da take nema.

Ta ja kujera ta zauna, ta bi jerin da ido. Haruffan wasu harsuna. Gane rubutun hannu. Haɗin tsofaffin firintoci. Duban kuskuren rubutu. Karanta rubutu da murya. Maida magana rubutu. Shida ke nan, duk ta san su, kowanne da sunansa da nauyinsa da ɗan akwatin da ake dannawa a gefe.

Akwai na bakwai.

Akwatin na nan, amma ba suna a gabansa. Wurin nauyi kuma sifiri ne.

Ta ɗaga hannu daga kan linzamin kwamfutar. Shekara tara tana wannan aiki, ba ta taɓa ganin abin ɗorawa mara suna ba. Ta ciro waya ta kira Yaya. Ta yi ta ƙara har ta katse. Kafin ta sake kira, saƙo ya shigo, kalma ɗaya: "Duka."

Ta danna na bakwai.

Shafin sharuɗɗa ya fito. Da wani ne ya aiko ta, wallahi da sai ta karanta shi layi-layi, don haka aka horar da ita. Amma wanda ya yi horon shi ne ya ce ya duba. Ta gangara ƙasa ba ta tsaya ba, ta danna "Na amince."

Shidan suka hau lafiya lau, kowanne da koren layinsa yana cika. Na bakwai ya tsaya a sifiri. Sai rubutu ya fito: "Domin kammalawa, karanta waɗannan jimloli da ƙarfi."

Wannan bai ba ta tsoro ba. Haka ake koya wa kwamfuta muryar mai ita. Ta jawo siririn makirufo da ke kan tebur, ta gyara murya.

"Yau an yi rana. Takarda tana kan tebur. Motar ta tsaya a bakin hanya."

Kashi goma. Kashi ashirin.

"Ruwa ya tafasa. An rufe taga."

Fankar ta tsaya. Ba a ɗauke wuta ba, ta dai tsaya. Auta ta lura ba ta jin ƙarar titi kuma. Ba hon, ba babur, ba muryar kowa.

Jimla ta gaba ta fito.

"Mama, na dawo."

Ta riga ta karanta kafin ta gane abin da ta karanta.

"Mama, kin sha maganinki?"

"Mama, ni ce, Autarki."

Ta so ta yi shiru. Bakin ya ƙi. Leɓunanta na motsi da kansu, kalmomin na fita kamar ana jan zare daga bakin zane. Kashi arba'in. Kashi hamsin. Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin.

Ta danne baki da tafin hannu. Layin ya tsaya.

Shiru.

A baƙin gefen allon, inda gilashi ke nuna abin da ke bayan mutum, ta ga kujerarta. Ta ga kafaɗarta. A bayan kafaɗar akwai wani abu dogo, ya sunkuyo, kansa ya kusa taɓa kuncinta. Ba ta ga baki a fuskar ba. Kunne ta gani, babba, ya juyo gare ta.

Ba ta waiwaya ba. Ta cikin yatsu ta raɗa, "Wane ne?"

Sifikar kwamfutar ta yi ƙara. Sai murya ta fito, cikakkiya, mai daɗi, wadda ta yi sati uku tana kewa.

Muryar Yaya.

"Kana so a mayar maka?"

Wani ɗan raɗa mai kaushi ya amsa. Shi ma ta san shi. "Ina so."

Sai ta gane. Abin ba shi da murya tasa, da wadda ya ƙwace yake magana. Hira ce aka ɗauka a ɗakin nan, tsakaninsa da yayanta.

"Sai ka kawo wani. Da hannunsa zai zaɓa, da hannunsa zai amince."

"Ƙanwata."

"Za ta karanta sharuɗɗan?"

Raɗan ya ce, "In ni na ce ta danna, ba za ta karanta ba."

"In ka faɗa wa kowa, zan dawo in karɓi tawa. Har da numfashin."

"Ba zan faɗa ba."

Tsoro ya fita daga ranta na ɗan lokaci, wani abu da ya fi shi ciwo ya shiga. Bai ce wani baƙo ba. Bai ce wani abokin gaba ba. Ko dogon tunani bai yi ba, ya ce ƙanwata, kuma ya san ta har ya san inda za ta faɗi. Hannunta ya zame daga bakinta.

"Yaya!"

Kukan da abin yake jira ke nan. Layin ya yi tsalle. Saba'in. Tamanin.

Yatsu masu sanyi suka sauka a wuyanta, a hankali, kamar mai tatsa.

Ta ce innalillahi. Ba daga bakinta ta fito ba. Daga sifika ta fito.

Ta kai ƙafa ta shure fulogi daga bango. Allon bai ko ƙifta ba.

Tamanin da tara.

Ta nemi "Soke." Ya dushe, ba ya dannuwa.

Casa'in da huɗu.

Ta cusa gefen mayafinta a baki, ta cije har haƙoranta suka yi ƙara. Ɗaya hannun ya shiga jaka. Sukudireba. Tef. Filaya.

Casa'in da bakwai.

Ta datse wayar makirufon.

Yatsun suka saki.

Ba ta san yadda ta kai ƙofa ba. Kujera ta kife, fayiloli suka zubo. Tana kan matakala ta ji an yi dariya a bayanta, dariyarta ita kanta, irin wadda take yi a gefen gadon Mama. Sannan ta ji muryarta ta fita ta taga, tana kira ƙasa da fara'a.

"Baba! Rufe get ɗinka, zan daɗe!"

Ƙarfe ya fara kuka a ƙasa.

Hawa na biyu. Ta buɗe baki ta yi ihu, iska kawai ta fito. Hawa na ɗaya. Takalmi ɗaya ya fice, ba ta tsaya ba. Wani sanyi na biye da ƙeyarta.

Saura taƙi guda get ya rufe ta cusa jakarta a tsakani, ta kutsa ta faɗi a gaban bencin.

Maigadi ya haska ta. Ya haska tagar hawa na uku, inda har yanzu ake cewa, "Sai da safe, Baba." Ya sake haska ta. Tocilar ta faɗi daga hannunsa, bai tsaya ɗauka ba.

Da takalmi ɗaya ta isa gida. Tun daga bakin ƙofa ta ji dariyar Yaya, cikakkiya, tana dukan bango. Ta ji Mama na cewa, "Alhamdulillahi, kai, alhamdulillahi! Sake faɗa in ji!"

Ta ɗaga labule. Yana durƙushe a gaban gado, Mama na shafa kansa. Da ya ga Auta dariyar ta yanke. Ya dubi ƙafarta, ya dubi jiƙaƙƙen mayafin, ya sunkuyar da kai.

Ta yi sallama. Abin da ya fito wani ɗan gurnani ne, ko ita ba ta gane shi ba.

Mama ta ja jiki. "Wace ce?"

Auta ta zube gefen gado ta kama hannunta. Mama ta shafa yatsun, ta tsaya a kan tabon dalma da ke babban yatsa. Fuskarta ta fara sakewa.

Wayar da ke ƙarƙashin matashi ta yi ƙara.

Mama ta lalubo ta da ɗaya hannun, ta danna babban maɓallin da Auta ta manna wa tef don ta riƙa ganewa.

"Mama, ni ce, Autarki. Kin sha maganinki?"

"Auta! Ina kika shiga? Muryar yayanki ta dawo!"

"Aiki ne ya riƙe ni, Mama, zan kwana biyu. Amma ki saurare ni. In wata ta zo ta ce ni ce, kada ki yarda. Za ta zo da hannu irin nawa. Za ta faɗa miki abubuwan da mu biyu kaɗai muka sani. Ba mutum ba ce."

Mama ba ta saki hannun ba. Waya a dama, wuyan hannun Auta a hagu. Ta juya fuska inda ɗanta yake.

"Babba, kai Allah ya bar wa ido. Dubi wadda na riƙe ka faɗa mini. Wace ce?"

Auta ta dube shi. Ba ta nemi ya tona kansa ba, ba ta nemi ya ba ta haƙuri ba. Kalma biyu kawai, ya ce Auta ce. A ranta har ta fara yafe masa rabi, don ta ji sharaɗin da aka gindaya masa, ta san tsoro ne.

Ya kau da kai. Muryar da ya saya da tata ta fito sarai, ba ko gargada.

"Ban san ta ba, Mama."

Mama ta yar da hannun kamar ta taɓa garwashi, ta ja da baya har bango tana neman tsari.

Sau ɗaya Auta ta sake gwadawa. Bayan kwana biyu ta kai bakinta kunnen Mama, ta raɗa mata sunan da take kiranta da shi tana ƙarama. Tsohuwar ta sume, sai da aka kwana uku ana ƙara mata ruwa. Daga nan Auta ta haƙura, don ta fi son uwa mai rai da ba ta san ta ba.

Shagon ba ta ƙara takawa ba. Wata rana Yaya ya turo mata takarda ta ƙarƙashin ƙofa, da sunayen mutum uku cikin masu kawo musu gyara, a ƙasa ya rubuta: "Mukullin na wurinki. Kowannensu zai danna in kin ce." Ta yayyaga takardar, ta jefa mukullin a kwata. Tun daga ranar ko a hanya suka haɗu, ita ke tsallake titi.

Shi ne dai ya ce wa Mama ya samo mata wata baiwar Allah, bebiya, da za ta riƙa yi mata wanki da shara tunda Auta ta yi nisa. Haka take shiga ɗakin yanzu, ba ta ko tari. Kullum bayan magariba wayar na yin ƙara, Mama ta gyara zama, a yi ta ba ta labarin yini ana kwaikwayon mutane, tana dariya har ta ƙware. Auta ce ke miƙa mata ruwa.

Ranar nan da aka gama hirar, Mama ta karɓi kofin, ta riƙe yatsun da suka miƙo shi, ta daɗe tana shafawa.

"Baiwar Allah," ta ce, "hannunki irin na Autata sak. In ta dawo zan haɗa ku."